Me ya sa wani wake ke rigan wani tsirowa?

Yau maganar wake zan yi, domin Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noma shi, Nijar na biye mata.

Ka shuka iri biyu rana ɗaya a gona ɗaya, ruwa ɗaya ya dake su. Wani kwana 3 ko 4 ya leƙo, wani sai ya ƙara kwanaki. Me ya jawo? Babban dalili shi ne gado. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Iri ba ya tsirowa sai ya sha ruwa, kuma ɓawonsa ne mai gadin ƙofa. Ƙwayoyin gado su ke tsara kaurin ɓawon, launinsa, da yadda ruwa ke shiga ta wajen hancin waken. Waken daji ɓawonsa tauri gare shi, yana iya daɗewa a ƙasa bai motsa ba. Manoman da suka gabace mu ne suka yi ta zaɓen mai saurin fitowa, shekara bayan shekara, har aka samu irin da muke da shi yau.

To amma fa, sauri ba kullum ne riba ba. Farin wake yakan fi mai launi saurin shan ruwa, kuma idan ruwan ya shige shi da gaggawa yana iya lalata ƙwayar, ta ruɓe. Sannan idan an yi ruwa sau ɗaya ya ɗauke, mai saurin ya riga ya fito, rana ta ƙone shi. Mai jinkirin kan tsira.

Shi ya sa nake cewa kada mu yar da irin gida kamar Kanannado don mun samu SAMPEA na cibiyar IAR Samaru. Cibiyar IITA da ke Ibadan ma tana ajiye da nau'in wake sama da 15,000.

Sai dai ba komai ne gado ba. Zafi, danshi da ƙwari a ma'aji suna raunana iri. Kafin shuka, ƙirga ƙwaya 100 daga kowane iri, nannaɗe a jiƙaƙƙen buhu, ka riƙa duba waɗanda suka tsiro kullum har mako guda. Gara ka gano a tsakar gida da ka gano a gona.

Wane iri ake shukawa a garinku? Ku faɗa mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba.