Masu Saka Faifan da Amurka Ta Kasa Mantawa

Ranar Talata, 9 ga Nuwamba, 1965, ƙarfe biyar na yamma ta ɗan gota, Dan Ingram yana zaune gaban makirfo a tashar WABC da ke birnin New York, sai waƙar da aka saka ta fara jan jiki kamar mawaƙin ya gaji. Aka saka wata, ita ma haka. Taken tashar kansa ya riƙa fita da nauyi. Ingram, wanda bakinsa bai san shiru ba, ya shiga yi wa injinan ba'a, ya kuma gaya wa masu sauraro cewa fitilun ɗakin suna dushewa. Mintuna kaɗan bayan haka wuta ta ɗauke a arewa maso gabashin Amurka da wani yanki na Kanada, mutane wajen miliyan 30 suka shiga duhu.

Muryar wannan yammaci ba ta ɓace ba, an naɗe ta, kuma har yau tana yawo a hannun masu tara tsofaffin shirye-shiryen rediyo. Waɗannan mutane suna da wata ɗabi'a da ke ba baƙo mamaki. Idan suka samu naɗin shirin sa'a guda, sau da yawa sai su datse waƙoƙin, su bar daƙiƙoƙin farko da na ƙarshe kawai, su adana surutun mai gabatarwa da taken tasha da talla da rahoton yanayi. Waƙoƙin Beatles da na Supremes suna nan a kowace waya. Abin da ba ya samuwa a kasuwa shi ne muryar mutumin da ya saka maka su lokacin da kake ɗan shekara goma sha huɗu, ya ambaci sunan makarantarku, ya ce gobe ba karatu saboda dusar ƙanƙara ta toshe hanya.

Tsarin da ake kira Top 40, wato juya waƙoƙi arba'in da suka fi tashe dare da rana, yunwa ce ta haife shi. A farkon shekarun 1950 talabijin ya kwashe wasannin kwaikwayo da 'yan barkwanci da manyan masu talla daga rediyo, ƙananan tashoshi suka rasa abin da za su cika iska da shi. Wani matashi, Todd Storz, wanda shi da mahaifinsa suka sayi tashar KOWH a garin Omaha a 1949, ya lura da abin da kowa ke gani amma ba wanda ya ɗauka da muhimmanci. A gidajen abinci akwai akwatin kiɗa da ake jefa wa kwabo ya saka faifan da mutum ya zaɓa, kuma mutane waƙoƙi 'yan ƙalilan suke ta maimaitawa da kuɗinsu. Labarin yadda ya gano hakan ya sha ƙari a bakin masu ba da shi, amma sakamakon a fili yake: KOWH ta tashi daga baya ta zama kan gaba a garin. Storz ya kai tsarin WTIX a New Orleans da WHB a Kansas City, daga baya KOMA a Oklahoma City. A Dallas kuma Gordon McLendon na tashar KLIF ya ƙara masa gishiri da gasar neman kuɗin da aka ɓoye a gari, da motocin 'yan rahoto masu bin gobara da haɗari, da gajerun taken tasha da ake rerawa tsakanin waƙa da waƙa.

Waɗannan take suna da nasu labarin. Kamfanin PAMS na Bill Meeks, shi ma a Dallas, yakan shirya kiɗa ɗaya, mawaƙansa su rera haruffan sunan wannan tasha a kai, gobe su rera na wata. Yaron da ke Chicago da wanda ke Miami kowa ya tashi yana ganin taken garinsu ne kaɗai, ba su san daga ɗaki ɗaya aka fito da su ba sai da suka tsufa.

Sai na'ura ta zo ta taimaka. A 1954 aka fitar da Regency TR-1, rediyon aljihu na farko da ya shiga kasuwa, kan dala 49.95, kuma ba a jima ba na Japan masu araha suka cika shaguna. Rediyo ya bar falo inda uba ke da iko da shi, ya koma ƙarƙashin matashin kai da cikin mota da bakin teku. Da dare kuma manyan tashoshin matsakaicin zango, wato AM, masu ƙarfin wat 50,000 sukan tsallaka jihohi, domin bayan faɗuwar rana sararin sama yana maido da siginar ƙasa a wuri mai nisa. Wanda ya taɓa kama Rediyon Kaduna tsakar dare daga gari mai nisa ya san wannan. Haka ɗan manomi a ƙauyen da ba ko shagon faifai yake jin WLS daga Chicago ko KOMA daga Oklahoma. A hayin iyakar Meziko, inda dokar Amurka ba ta kai ba, tashar XERF da ke Ciudad Acuña tana watsawa da wat 250,000, kuma daga nan ne wani mutum mai suna Robert Smith ya riƙa kukan kyarkeci da murya mai kaushi da sunan Wolfman Jack. Da yawa daga masu sauraronsa sun ɗauka baƙar fata ne, har sai da George Lucas ya nuna fuskarsa a fim ɗin American Graffiti a 1973.

Wannan zato ba daga sama ya faɗo ba. Salon magana mai sauri da kari da kirari, masu gabatarwa baƙaƙen fata ne suka share hanyarsa, irin su Nat D. Williams da Rufus Thomas a WDIA ta Memphis, da Jocko Henderson a Philadelphia da New York. Fararen da suka kwaikwaye su ne suka fi samun manyan tashoshi da manyan albashi. Sai a 1965 WABC ta ɗauki baƙar fata na farko, Chuck Leonard, cikin masu saka faifanta. Duk da haka, a lokacin da makarantu da gidajen abinci a kudancin ƙasar ke ware jinsi, jerin waƙoƙin Top 40 bai ware ba. James Brown yakan biyo bayan Frank Sinatra, Aretha Franklin ta biyo bayan mawaƙin ƙauye, duk cikin minti goma.

Aikin mai saka faifai sana'a ce ta daƙiƙoƙi. Yawancin waƙoƙi suna da kiɗan shimfiɗa kafin mawaƙi ya buɗe baki, wata daƙiƙa takwas, wata goma sha biyar. Gwani shi ne wanda zai faɗi lokaci da zafin gari da sunan tasha, ya jefa barkwanci, ya rufe baki daidai ƙiftawar da murya ta shigo, bai taka ta ba, bai bar gurbi ba. Ingram ya yi fice a nan, har masu sana'ar ke ɗaukarsa malaminsu. Bruce Morrow na WABC kuwa ba da wayo ya kama mutane ba, da zumunci ne: kowa ɗan uwansa ne, shi ya sa ake kiransa Cousin Brucie, kuma yana cikin waɗanda suka hau dandamali a filin wasa na Shea ranar 15 ga Agusta, 1965, lokacin da Beatles suka yi wasa gaban mutane sama da 55,000. A Chicago akwai Dick Biondi mai ihu, wanda ya saka faifan Beatles a WLS tun Fabrairun 1963, shekara guda kafin su taka ƙasar Amurka, da Larry Lujack mai magana kamar an tashe shi daga barci dole, wanda shirinsa na labaran dabbobi ya sa direbobi dariya shekara da shekaru.

Kuma ba a ɗakin watsa shiri suke tsayawa ba. Daren Juma'a suna zauren wasannin wata sakandare suna saka faifai ana rawa, Asabar suna buɗe sabon shagon takalma. Kowane mako tasha takan buga 'yar takarda mai jerin waƙoƙin da suka fi ciniki a garin, da hoton ɗaya daga cikin ma'aikatanta, a ajiye kyauta a shagunan faifai. Ta WLS sunanta Silver Dollar Survey. Yara sukan tara su a kwalin takalmi, yau kuma ana saye da sayar da su tsakanin dattawa.

Jerin kowane gari daban yake, kuma nan ne ƙarfin tsarin yake. Waƙar Louie Louie da wasu samari daga Portland, The Kingsmen, suka rera ba ta je ko'ina ba sai da Arnie Ginsburg na WMEX a Boston ya saka ta a 1963 a matsayin faifan da ya fi muni a makon. Masu sauraro suka ce ba su yarda ba, waƙar ta kai ta biyu a faɗin ƙasa. Tommy James ya naɗi Hanky Panky yana ɗan makaranta a garin Niles na jihar Michigan, ƙungiyarsa ta watse, ya cire rai, sai ga labari cewa matasan Pittsburgh sun haukace a kanta. A 1966 ta zama ta ɗaya.

Babu wanda ya fi Rosalie Trombley nuna wannan iko. Ta fara aiki a CKLW da ke Windsor, a hayin kogi daga Detroit ta ɓangaren Kanada, a matsayin mai amsa waya. A 1968 aka damƙa mata zaɓen waƙoƙin tashar, ta riƙe har 1984. Kunnenta yana kan abin da baƙaƙen Detroit ke saya, kuma idan ta saka faifai sauran tashoshi sukan bi. Ita ce ta ɗauko Bennie and the Jets daga cikin kundin Elton John ta riƙa juyawa, har kamfaninsa ya fitar da ita ita kaɗai, ta zama ta ɗaya a Amurka a 1974. Bob Seger ya yi mata waƙa sukutum da sunanta. Mace ce a cikin sana'ar da maza suka mamaye, kuma manyan kamfanonin faifai layi suke yi a ƙofar ofishinta.

Inda iko yake, na goro yana bi. Kamfanonin faifai sun riƙa cusa wa masu saka faifai kuɗi da kyaututtuka, har majalisar dokokin Amurka ta buɗe bincike a 1959. Alan Freed, wanda ya yayata kiɗan rock and roll daga Cleveland zuwa New York, ya rasa aikinsa a wannan shekarar, ya rasu a 1965 yana da shekara 43, ba kuɗi ba aiki. Daga nan zaɓen waƙa ya bar hannun mai gabatarwa ya koma ofishin manaja. Rick Sklar na WABC ya rage jerin ƙwarai, waƙar da ke kan gaba tana dawowa kusan kowace sa'a. A 1965 Bill Drake ya ƙara ɗaure igiyar a KHJ ta Los Angeles: surutu kaɗan, take gajere, waƙa bayan waƙa. Ya yi nasara, tashoshi suka kwaikwaye shi ko'ina, kuma gwanaye irin su Robert W. Morgan da Real Don Steele sun iya yin abin mamaki cikin daƙiƙa goma. Amma daga ranar da aka gane cewa tsari ɗaya zai yi aiki a kowane gari, an fara tunanin cewa mutumin garin ba dole ba ne.

Zangon FM ne ya fara cin kasuwar, da sautinsa mai tsabta da tashoshin da kowace ta kama nau'in kiɗa ɗaya. A 1978 WKTU mai kiɗan disko ta ture WABC daga kan gaba a New York. Ranar 10 ga Mayu, 1982, da tsakar rana, Dan Ingram da abokin aikinsa Ron Lundy suka yi sallama, aka saka Imagine ta John Lennon, WABC ta koma tashar hira da muhawara. WLS ta bi sahu a 1989. Sai dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a ƙasar, bayan a da shekaru masu yawa ba a yarda a wuce bakwai a zangon AM ba. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tara sama da dubu. Mutum ɗaya a wani birni yakan naɗi surutunsa a kwamfuta, a watsa shi a garuruwan da bai taɓa takawa ba. An rage kuɗin albashi, an kuma rasa wanda zai leƙa taga ya ce ana ruwa.

A wannan shekara ta 1996 ne wani tsohon ma'aikacin rediyo, Richard Irwin, ya buɗe taskar ReelRadio a intanet, mutane suka fara aiko da kaset-kaset daga ɗakunan ajiya. WABC kanta ta yi shekaru tana ware ranar hutu ɗaya a watan Mayu tana maimaita tsofaffin shirye-shiryenta. Lujack ya rasu a 2013, Ingram a 2018, Trombley a 2021, Biondi a 2023. Cousin Brucie kuwa ya koma WABC a Satumbar 2020 yana da shekara 84, yana gabatar da shirin daren Asabar, masu bugo masa waya yanzu kakanni ne.

Waɗannan su ne manya, kuma sun samu masu adana su. Ɗaruruwan ƙananan tashoshi masu wat dubu ɗaya, waɗanda wasu ma doka ta ce su rufe da faɗuwar rana, ba su samu wannan gata ba. Tef yana da tsada, tasha takan goge na jiya ta naɗi na yau a kai, kuma idan aka sayar da ita sabon mai gida yakan zubar da abin da ya tarar a kabad. Yawancin abin da ya tsira daga irin waɗannan garuruwa, ko dai mai gabatarwa ne ya naɗi kansa don neman aiki a babban birni, ko kuwa wani yaro ne ya kara makirfon rikodarsa a bakin rediyo yana farautar waƙar da yake so. Yaron haushi yake ji idan mai saka faifai ya yi magana a kan farkon waƙar. Yau idan kaset ɗin ya faɗa hannun masu tarawa, wannan maganar suke nema, tare da tallan dillalin mota na kan babban titi, da sakamakon wasan ƙwallon makarantar garin, da sanarwar karen da ya ɓata.