Amfanin Koya wa Jariri Harshe Biyu Tun Yana Goye

Mahaifina Bahaushe ne, mahaifiyata kuwa Bafillatana. Da aka haife ni, sai dangi suka hana a yi mini Fillanci, wai harshe biyu yana rikita yaro, ya hana shi buɗe baki da wuri. Ga shi yau shekarata 16, amma in na je gaida kakata lokacin hutu, iyakata gaisuwa, sauran hira sai an samo mai fassara. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai, shi ya sa na ɗauki alƙalami don in jawo hankalin iyayenmu.

Jariri yakan fara koyon harshe da kunne tun kafin ya iya cewa uffan. A shekarar 1984 wasu masana biyu a ƙasar Kanada, Janet Werker da Richard Tees, sun gwada jariran da Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. Suka tarar ɗan wata 6 zuwa 8 yana rarrabe wasu sautukan harshen Hindi na ƙasar Indiya, waɗanda bai taɓa ji ba. Amma da ya kai wata 10 zuwa 12, sai kunnensa ya koma kan sautukan gida kawai.

Mu ma shaida ne. Dubi irin wahalar da muke sha a aji wajen bambanta "p" da "f" na Turanci. Haka baƙon da ya koyi Hausa da girma yakan kasa raba "kara" da "ƙara".

Maganar rikicewa kuwa, ƙanwata ta warware mini ita. Ita mahaifiyarmu ta yi mata Fillanci tun tana goye, mu kuma muna yi mata Hausa. Da farko takan cakuɗa kalmomi, har ana yi mata dariya. Yanzu shekararta 4, ta san wanda za ta yi wa kowane harshe, ita ce ma take yi mini fassara wurin kaka.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, duk gidan da Allah ya hore wa harshe biyu, a yi wa jariri duka, a yi masa wasa da tatsuniya da su. Ba a kashe ko kwabo, ga ƙarfafa zumunci, ga sauƙin ciniki da zaman baƙunta in ya girma. 'Yan'uwana ɗalibai, mu ne iyayen gobe, kada mu manta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.