Maganin rage ƙiba: a yi hattara

A ƙasar Damagaram, mutane da yawa suna ɗaukar ƙiba alamar wadata. Amma ƙiba in ta yi yawa, cuta ce. Tana jawo hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon gwiwa.

Yaya mutum zai san tasa ta yi yawa? A auna tsawonsa da igiya. A ninka igiyar biyu, a zagaya cikinsa da ita wajen cibiya. In bakinta bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa.

Ranar kasuwa, a Dogo da ƙauyukan kewaye, ƴan talla suna yawo da ƙwayoyi iri-iri. Kada a sayi maganin rage ƙiba a hannunsu. Wani zawo yake sawa, wani yawan fitsari. Ruwan jiki ne ke fita, kitse yana nan. An sha samun wata ƙwaya mai suna sibutramine ɓoye cikin shayin rage ƙiba. Ƙasashe da yawa sun hana ta tun 2010, don tana jawo ciwon zuciya da shanyewar jiki.

Akwai maganin gaskiya. Allura ce mai suna semaglutide, ana yin ta sau ɗaya a mako. Da farko masu ciwon sukari ake yi wa. A 2021 Amurka ta yarda a yi wa masu ƙiba waɗanda ba su da ciwon. Tana rage jin yunwa. Mai kilo 100 yana iya sauke kamar kilo 15 cikin wata 16.

Amma tana da tsada ƙwarai. Tana iya sa tashin zuciya, da amai, da zawo. Ba a yi wa mai ciki. In an daina, yawancin ƙibar tana komowa. Kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa akwai ta jabu. Likita kaɗai ke rubuta ta.

Wanda igiya ta nuna masa haɗari, ya je likita a auna jininsa da sukarinsa. In da bukata, a tura shi babbar asibitin Zinder. Ya rage sukarin shayi, da lemun kwalba, da soye-soye. Ya yawaita zogale, da wake, da tafiya a ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa.