Isawa: Daga Kasuwar Kano Zuwa Gimi

Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna yadda Bitrus ya tayar da gurgu a ƙofar Haikali, ranar kuma a kurkuku ya kwana. Istifanas kuwa da duwatsu aka kashe shi, masu bi suka watsu.

Ƙasar Hausa ma tana da irin wannan labari mai sosa rai. Malam Ibrahim na Kano ya riƙa ɗaukaka Annabi Isa cikin karatunsa, aka kashe shi a kasuwa zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Almajiransa, Isawa, suka tsere wajen Ningi. Wajen 1913 zuriyarsu suka haɗu da Dakta Miller, ɗan mishan na Zariya, suka zauna a Gimi, inda ciwon barci ya ci rayuka da dama.