Fumfuna Mai Maganin Fumfuna

'Yan'uwa manoman rani na Talata Mafara, Bakura da Maradun, tun bayan kammala madatsar ruwa ta Bakalori a 1978 muke noman tumatir, albasa da tattasai da ruwanta. Amma sau da yawa iri yakan tsiro lafiya a bedi, bayan 'yan kwanaki gindinsa ya ruɓe, ya kwanta, kuɗin iri ya tafi. Wannan aikin wata fumfuna ce ta cikin ƙasa, kuma yawan ruwa ke ƙara mata ƙarfi.

Sai dai ba kowace fumfuna ce abokiyar gaba ba. Akwai wata koriya, Tirikodama, wadda masana suka gano tun 1932 cewa tana cin miyagun. Takan nannaɗe su ta narkar, ta kuma rufe saiwar shuka ta tsare ta. Tana bunƙasa cikin takin gargajiya da ya ruɓe sosai.

Saboda haka mu zuba ruɓaɓɓen taki, mu ɗaga bedi don ruwa ya tsane. Kada mu haɗa ta da maganin feshi na fumfuna, domin yana iya kashe ta. Mai son ta sayarwa ya tuntuɓi malamin gona. Rigakafi ya fi magani.