Ɗaukar Hoton Biki: Sana'ar da Kuskuren Rana Ɗaya Ke Iya Cinye Jari

Daga Agege a Legas zuwa Sabo a Ibadan da unguwannin Abuja, matasa da dama sun rungumi ɗaukar hoton biki a matsayin hanyar neman abinci. Kasuwar tana da faɗi, domin bikin Bahaushe ba na yini ɗaya ba ne: akwai kamu, sa lalle, ɗaurin aure, dina da kai amarya, kuma kowanne yana bukatar mai hoto. Sai dai wannan sana'a ta bambanta da sauran. Tela yana iya warware ɗinki ya sake, amma ba a maimaita ɗaurin aure don mai hoto ya gyara kuskurensa.

Matsala ta farko ita ce haske. An ƙera ma'aunin hasken kyamara ne bisa zaton cewa abin da ke gabanta matsakaici ne, tsakanin fari da baƙi. Idan ango da abokansa suka fito cikin farar shadda da tsakar rana, kyamarar takan rage haske da kanta, sai fuskoki su yi duhu. Idan kuma aka ƙara haske fiye da kima don fuska ta fito, aikin da ke jikin babbar riga sai ya ɓace. Ƙwararru sukan kai mutane inuwa, ko su haska fuska da filas ko da rana ce.

A zauren dina kuwa, ƙarancin haske ne abokin gaba. Amarya tana tafiya, ƙawaye suna rawa, ana liƙi. Hoton mai motsi yana bukatar kyamara ta buɗe ta rufe da sauri, kamar kashi 1 cikin 200 na daƙiƙa, amma saurin yana rage hasken da ke shiga. Ga kuma fitilun zamani, waɗanda wasunsu ke ƙiftawa daidai da bugun wutar lantarki, wadda a Nijeriya take juyawa sau 50 a daƙiƙa. Sakamakon haka shi ne layuka masu duhu a jikin hoto, kuma wutar janareto takan ƙara dagula lamarin. Wanda bai ziyarci zauren ya gwada kyamararsa kafin taro ba, a gaban jama'a zai koyi darasin.

Matsala ta biyu ita ce ajiya. A zamanin fim, nadi ɗaya hoto 36 yake ɗauka, mai hoto kuma yana lissafa kowane ɗaya. Zuwan kyamarar dijital, wanda ya kai kamfanin Kodak ga neman kariyar fatara a 2012, ya kawar da wannan iyaka, amma ya tara dukan bikin a kan kati guda da bai kai ɗan yatsa ba. Katin jabu ko wanda ya lalace yana iya tafiya da aikin kwana uku. Don haka ne masu gogewa ke fifita kyamara mai ramin kati biyu, wadda ke ajiye kowane hoto sau biyu, kuma suke kwafe aikin a wurare biyu kafin su kwanta. Haka nan ƙurar hunturu takan shiga cikin kyamara yayin canza gilashinta, ta bar ɗigo a kan kowane hoto.

Duk waɗannan magunguna kuɗi ne. Daga waje ake shigo da kyamarorin Canon, Nikon da Sony, kuma bayan sakin darajar Naira a Yunin 2023, Dalar da ake canzawa kusan Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Sabon shiga da ke karya farashi don jan kwastoma yakan manta da kuɗin batir, sufuri, kwanakin gyaran hoto a kwamfuta da tsufan kayan aiki. Mai ƙaramin jari zai fi cin riba idan ya yi hayar kyamara ta biyu ranar biki, ya sanya kuɗin hayar a cikin farashinsa, maimakon ya dogara da guda ɗaya.

Akwai kuma batun doka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a Maris na 2023, ta bai wa wanda ya ɗauki mai hoto don sha'anin gidansa ikon hana yaɗa hotunan ga jama'a, sai idan an yi wata yarjejeniya dabam. Saboda haka sanya hoton amarya a Instagram don talla ba tare da izini ba yana iya jawo ƙara, baya ga ɓata suna a al'ummar da ke ɗaukar mutuncin mace da muhimmanci.

Hanya mafi aminci ga mai son shiga sana'ar ita ce ya fara da bin ƙwararre a matsayin mataimaki, ya kuma rubuta yarjejeniya da ta fayyace kafin alƙalami, yawan hotuna da ranar miƙa su. Ga masu biki kuma, tambaya biyu sun isa kafin a biya ko sisi: kyamara nawa mai hoton zai zo da su, kuma a ina zai ajiye aikin.