Kogi Ɗaya, Girbi Daban-daban a Ƙasar Haɗeja

A ƙasar Haɗeja, yawan abin da manomi ke zubawa a rumbu ya danganta da inda gonarsa take daga bakin kogi da kuma lokacin da ruwa ke isa gare ta. Manomin tudu a Birniwa ko Malam Madori, inda ƙasa jigawa ce mai rairayi, damina kaɗai yake dogaro da ita wajen gero da wake da riɗi, alhali takwaransa na fadama, wato kwari mai laka wanda ambaliya ke kwanciya a kansa, yana yanke shinkafa da kaka, sannan ya shiga noman rani.

Fadamar ma ta rabu tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992. A yankin Auyo, inda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta shimfiɗa hanyoyin ban ruwa, gona ɗaya takan ba da shinkafa da damina, ta ba da alkama ko tumatir da hunturu, kuma nan ne aka fi ganin ƙaruwar amfanin gona.

A ƙasan kogi kuwa, wajen Guri da Kiri Kasamma zuwa Nguru, sakin ruwa daga madatsun ya hana wasu rassan kogin ƙafewa da rani kamar yadda suka saba, lamarin da ya ba ciyawar kacala damar yaɗuwa har ta toshe magudanai, ruwa ya kwanta a gonakin wasu shekara da shekaru, na wasu kuma suka bushe. A cikin kacalar ne tsuntsayen jan-baki ke kwana, shi ya sa idan shinkafa ta fitar da kai ake ganin yara tun asuba suna jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye don korarsu. Ba daidai ba ne a riƙa lissafa buhunan da aka ƙara samu a Auyo a matsayin bunƙasar noma ba tare da an cire asarar waɗannan manoma da masunta da makiyaya ba, waɗanda har yau suke fita aikin gayya da lauje da kwalekwale don buɗe wa ruwa hanya.